Digiri na biyu a ilimin laburare: wace ƙofa ta dace da ma'aikacin Kebbi da Zamfara?

Ma'aikacin laburare a Birnin Kebbi, Argungu, Gusau ko Ƙaura Namoda da ya ƙuduri aniyar ƙaro karatu yakan fara da tambaya biyu: ina ya fi kusa, ina kuma ya fi araha. Akwai wadda ta kamata ta riga su: wace takarda ce wurin aikinka zai ƙirga maka? A wannan fanni takardu iri uku ne ake nema bayan digirin farko, sunayensu sun yi kama, amma ba wuri ɗaya suke kai mutum ba. Akwai difloma ta gaba da digiri, wato PGD. Akwai digiri na biyu na bincike, wanda ake rubuta MLS ko MLIS. Akwai kuma digiri na biyu na ƙwarewar aiki, irin MIM, na sarrafa bayanai. Wanda ya rikita na biyun da na ukun yana iya kashe shekara biyu da guminsa, ya dawo a ce masa takardar ba ta cikin tsarin ƙarin girmansa.

Abin da za a auna

Na farko, inda takardar ke kaiwa. Majalisar rajistar ƙwararrun ma'aikatan laburare, LRCN, wadda Doka mai lamba 12 ta 1995 ta kafa, ita ke ba da shaidar zama cikakken ɗan fanni. Mai digirin farko a ilimin laburare hanyarsa a buɗe take. Wanda ya karanta tarihi, Larabci ko kimiyyar sinadarai kuwa, digiri na biyu a fannin laburare shi ne tabbatacciyar hanyarsa. A jami'a kuma ma'aikacin laburare mai digiri yana cikin rukunin malamai: ana neman muƙalun da ya wallafa kafin a ɗaga shi, kuma kujerar shugaban laburaren jami'a, mai wa'adi ɗaya na shekara 5, da wuya a tallata ta yau ba tare da sharaɗin digiri na uku ba. Shi kuwa digiri na uku yana da nasa sharaɗin: galibin jami'o'i suna neman digiri na biyu na bincike mai maki aƙalla 3.50 cikin 5.00, ko kashi 60 cikin 100 a tsarin Ibadan.

Na biyu, kuɗi, kuma kuɗin makaranta shi ne ƙaramin ɓangare. Sai an haɗa da na fom, na fitar da cikakken sakamakon digirin farko, haya, mota, data, buga takardun tambayoyi, buga kundin bincike da ɗaure shi. Kuɗin rajista ana biyansa ne kowace shekarar karatu, ko da an gama shiga aji kundi kawai ake rubutu. Saboda haka a ninka abin da ke cikin tallar jami'a sau 3, ba sau 2 ba. In an gama da wuri, ragowar riba ce.

Na uku, lokaci. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wajen wata 9, na 2022 ya ci wata 8. Duk wanda ya zaɓi karatun ido-da-ido a jami'ar gwamnati ya sa wannan cikin lissafi.

Na huɗu, hanya. Daga Gusau zuwa Zariya ko Kano sai ta Tsafe da Funtuwa, kuma babu direban tashar Gusau da ke buƙatar a yi masa bayanin halin da wannan hanya ta shiga a 'yan shekarun nan. Mutumin Birnin Kebbi kuwa sai ya fara cin hanyar Sakkwato ko ta Jega kafin ma ya shigo Zamfara. Yini guda ne cur.

Na biyar, abin da hannu zai iya bayan an gama. Laburaren jami'a da na kwaleji suna neman wanda zai tsara littafi bisa tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, ya cike bayanansa a MARC 21, tsarin rubuta katalogi a kwamfuta, ya girka Koha, manhajar tafiyar da laburare, ya zuba kundayen ɗalibai a DSpace, manhajar adana rubuce-rubucen bincike. Ana iya fita da takarda mai kyau ba a taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

PGD

Gada ce ga mai HND, ko mai digiri na daraja ta uku, ko wanda ya fito daga wani fanni kuma sashen da yake nema bai yarda ya shiga MLIS kai tsaye ba. Zango biyu ne, wajen wata 12, da ɗan ƙaramin aikin bincike. Ita ce mafi sauƙin kuɗi da wahala. Matsalarta ɗaya: mutane suna yin ta don kawai a ce sun yi, su fita da maki na tsaka-tsaki, alhali makin shi ne tikitin shiga digiri na biyu. Kada kuma a ɗauka ita kaɗai za ta mayar da mutum daga rukunin jami'an laburare masu difloma zuwa rukunin ƙwararru. A nemi amsar wannan a rubuce daga ofishin magatakarda kafin a sayi fom.

MLIS ido-da-ido a Zariya ko Kano

Nan ne mafi yawan mutanenmu ke nufa, kuma da dalili. Sashen ilimin laburare na Jami'ar Ahmadu Bello ya fara a 1968, shi ne na farko a Arewa, bayan rahoton da F. A. Sharr ya rubuta a 1963 kan buƙatun laburare a Jihar Arewa. Na Jami'ar Bayero ya biyo baya a 1977. Duka biyun suna ba da digiri na biyu da na uku. Sharuɗɗan shiga kusan ɗaya ne: digiri mai daraja aƙalla 2:2, kiredit 5 na sakandare har da Turanci da lissafi, takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, da cikakken sakamako wanda tsohuwar jami'arka za ta aika da kanta. Wannan na ƙarshen shi ke kayar da mutane tun kafin a fara. Ana neman sa ne wata 2 ko 3 kafin a buɗe sayar da fom, domin ofishin jarrabawa ba ya gaggawar kowa. A kuma duba sunan da ke kan takardar sakandare da na digiri da na bautar ƙasa. "Muhammad" a nan, "Mohammed" a can, ya isa ya tsayar da tantancewa har sai an kawo takardar rantsuwa daga kotu.

Shekarar farko ta aji ce: tsara ilimi da katalogi, hanyoyin bincike da ƙididdiga, shugabancin laburare, fasahar sadarwa, gina tarin littattafai. Wannan ba ya gagarar wanda ya zauna. Inda ake maƙalewa shi ne kundi. Matakansa a jere suke, kuma kusan kowanne sai da ƙafarka: amincewa da take, rubuta babi uku na farko, kare tsarin binciken a gaban malaman sashe, gyara, fita tattara bayanai, gabatar da sakamako, tace kundin a manhajar gano satar rubutu, zuwan mai jarrabawa daga wata jami'a, gyaran ƙarshe, ɗauri. Abin da ke faruwa da ma'aikacin Kebbi ko Zamfara shi ne, da ya gama jarrabawar zango na biyu sai ya saki ɗakin haya ya koma gida, da niyyar zai riƙa leƙowa. Daga nan babi ɗaya sai ya yi wata 3 a teburin malamin da ke duba shi, domin malamin yana da wasu ɗalibai da ke tsaye a bakin ƙofarsa kowace safiya. Karatun wata 24 ya koma shekara 4. Mafita ita ce a ci gaba da zama har a kare tsarin bincike, sannan a koma gida tattara bayanai, a kuma yi yarjejeniya da malamin kan ranar da za a riƙa kawo babi da ranar karɓa.

Zaɓen take ma yana da tarko. Take irin "amfani da laburaren makarantun sakandare a dukkan ƙananan hukumomin Zamfara 14" yana da daɗin ji a zauren kare tsari, amma wa zai kai takardun tambayoyi dajin Ɗansadau? Ƙarshenta a zauna a ɗaki a cike su da biro kala uku, mai jarrabawa kuma ya gane, domin amsoshin jabu ba sa warwatsuwa yadda na gaske ke yi. Gara a taƙaita a inda ƙafa ke zuwa: manyan makarantun Birnin Kebbi, Aliero da Argungu, ko na Gusau, Talatar Mafara da Maru. Yawan mutanen da za a tambaya a ɗauko shi daga jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, wanda malaman tsangayar ilimi suka saba da shi: in jama'ar binciken 1,000 ce, mutum 278 ake buƙata. A gwada takardar tambayoyin a kan mutum 20 zuwa 30 a wata makaranta da ba ta cikin binciken, a tabbatar ma'aunin Cronbach, mai nuna ko tambayoyin sun dace da juna, ya kai 0.70, kafin a buga ɗaruruwa.

Akwai kuma arzikin da ɗan wannan yanki ke taka shi bai sani ba: rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami. Gwandu mazaunin Abdullahi ɗan Fodiyo ce, kuma gidajen malamai a ƙasar Gwandu da ƙasar Zamfara suna riƙe da takardun da gara, ɗanshi da ƙura ke ci kullum. Binciken yadda ake adana su, ko tsara katalogin tarin gida ɗaya, ya fi maimaita taken da aka yi sau ɗari a kan "gamsuwar masu amfani da laburare". Ga mai wannan sha'awa Zariya ta ɗan fi: Gidan Arewa da ke Kaduna na jami'ar ne, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa reshen Kaduna tana kusa, kuma sashen yana da digiri na musamman kan adana takardun tarihi da na ofis. Cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato kuwa tana kan hanyar gida.

Tsakanin garuruwan biyu bambancin hanya kaɗan ne. Mai fitowa daga Funtuwa yana isa Samaru ta Giwa da Shika tun bai shiga cikin Zariya ba. Mai nufar Kano ta Malumfashi da Gwarzo shi ma yana faɗawa kan sabon mazaunin Bayero kafin cunkoson gari. Zariya ta fi kusa da Gusau. Abin da ya kamata ya raba gardama shi ne a wane sashe ake da malamin da ke aiki kan abin da kake so, kuma ɗalibai nawa ke hannunsa. Wanda ke shekarar kundi a sashen shi zai gaya maka gaskiyar wannan.

Wannan ne kuma zaɓin da tallafin horar da malamai na TETFund, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu, ya fi dacewa da shi, domin tallafin na malaman manyan makarantun gwamnati ne da aka tabbatar da aikinsu, masu karatu na cikakken lokaci, kuma ta hannun makarantarsu ake nema. Ma'aikacin hukumar laburaren jiha ko na makarantar sakandare ba ya ciki. Nasa sai hutun ƙaro karatu da albashi, tare da sa hannu kan alkawarin dawowa aiki.

MIM daga gida

Cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello tana ba da MIM, ana bin darussa ta intanet, a je cibiyar jarrabawa a ƙarshen zango. Ga mai iyali, ko matar aure da ba za ta bar yara ta tare a Samaru ba, ko wanda shugabansa ba zai sake shi ba, wannan sauƙi ne babba. Babu haya, tafiya kaɗan ce, albashi bai tsaya ba. Kuɗin makarantar kansa yakan fi na karatun ido-da-ido, amma idan aka cire haya da mota, jimillar tana iya zuwa ƙasa.

Sai dai digirin ƙwarewar aiki ne, kuma a al'adar jami'o'inmu irinsa ba ya kai mutum digiri na uku kai tsaye. Ga mai kula da bayanan marasa lafiya a asibiti, ko rajistar ma'aikata a sakatariyar jiha, ko bayanan wata ƙungiyar agaji, babu laifi ko kaɗan, shi ne ma daidai da aikinsa. Ga ma'aikacin laburaren jami'a mai hangen kujerun sama kuwa, yana iya zama kamar wanda ya haƙa rijiya a gonar maƙwabci.

Haɗari na biyu na yankinmu ne. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a duk faɗin Zamfara, wasu wurare suka yi watanni babu sabis. Ko ba a kai ga haka ba, wuta da ƙarfin sabis a wajen Gusau da Birnin Kebbi ba abin dogaro ba ne. Mai wannan karatu ya tanadi layi biyu na kamfanoni daban-daban, ƙaramar sola ko batirin da zai riƙe kwamfuta awa 3 zuwa 4, ya kuma riƙa sauke darussan mako tun ranar da aka ɗora su. Aikin hannu, irin su katalogi da Koha, sai dai ya koya a wurin aikinsa.

Ibadan, da Minna a gefe

Ibadan ce uwar makarantun laburare a Nijeriya. Ɗalibanta na farko sun shiga a 1960, kuma tun asali an gina ta ne don masu digiri a wasu fannoni su zo su koyi aikin laburare a matakin gaba da digiri, saɓanin Zariya da ta fara da digirin farko. Don haka mai digirin ilimin halittu ko shari'a ba baƙo ba ne a can. Tana kuma da sashen kimiyyar bayanai, wanda a da ake kira cibiyar kimiyyar bayanai ta yankin Afirka, ARCIS, ga wanda hankalinsa ya fi karkata ga rumbun bayanai da manhaja. Tsarin makinta a fili yake: 60 zuwa sama ka wuce digiri na uku, ƙasa da haka sai ta hanyar M.Phil., wani digirin bincike da ke tsakanin na biyu da na uku. Farashinta nisa ne. Daga Birnin Kebbi ta Yawuri, Kwantagora, Mokwa, Jebba da Ilori, tafiyar da ba a yin ta don kai babi ɗaya. Wanda ya tafi ya tafi ke nan sai an gama, kuma abin mamaki wannan yakan sa a gama da wuri.

Mutanen Yawuri da Zuru su tuna da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda sashenta ya jingina da fasahar sadarwa; ta Kwantagora ta fi musu kusa da Kano.

Ƙetare

A Ingila, jami'o'i irin Sheffield suna gama digiri na biyu cikin wata 12, babu yajin da zai cinye shekara. Kuɗin makaranta ga baƙo yakan haura fam 20,000, ga harajin lafiya na fam 776 a shekara, kuma tun Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na aji ba ya tafiya da iyali. Maleshiya, a Jami'ar Malaya ko Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa, ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, ga abinci da yanayin addini da ba sa wahalar da Bahaushe. Amma tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, kuma TETFund ta dakatar da tura malamai waje daga farkon 2025. Abin da ya rage shi ne tallafin Chevening, mai neman ƙwarewar aiki ta shekara 2, da na Commonwealth. Kada wanda ya sayar da fili don wannan fanni. Albashin laburare ba zai mayar da shi ba. Kusancin Kebbi da iyakar Jamhuriyar Benin kuma kada ya ruɗi kowa: a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo saboda badaƙalar takardun bogi.

| Zaɓi | Wa ake ɗauka | Lokaci a takarda | Nauyin kuɗi | Digiri na uku | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| PGD | Mai HND, mai daraja ta uku, ɗan wani fanni | Wata 12 | Ƙarami | Sai an yi MLIS | Ƙaramin maki |
| MLIS, Zariya ko Kano | Mai 2:2 zuwa sama | Wata 18 zuwa 24 | Matsakaici, yana ƙaruwa da jinkiri | Buɗe, da maki 3.50 | Kundi, yaji, hanya |
| MIM daga gida | Mai digiri, ma'aikaci | Wajen wata 18 | Matsakaici | Galibi a rufe | Ƙin ƙirga takarda, sabis |
| MLIS, Ibadan | Mai digiri, har daga wani fanni | Wajen wata 18 | Sama da matsakaici | Buɗe, da kashi 60 | Nisa, yaji |
| Ƙetare | Mai kyakkyawan sakamako da tallafi | Wata 12 zuwa 24 | Babba ƙwarai | Buɗe | Canjin kuɗi |

Wa ya dace da me

Ma'aikacin laburaren Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko ta Gusau, ko ta jiha a Aliero, wanda ke rukunin malamai: MLIS na bincike, ido-da-ido, babu wata gajeriyar hanya. Ya nemi TETFund ta makarantarsa, ya ɗauki makin shekarar farko da muhimmanci kamar yadda zai ɗauki kundin, domin 3.40 da 3.50 ba su da nisa a ido amma ɗaya yana rufe ƙofar digiri na uku.

Na Kwalejin Waziri Umaru, ta Ƙaura Namoda, ta Abdu Gusau ko ta Adamu Augie mai riƙe da HND: PGD tukuna, da niyyar wucewa MLIS a sashe ɗaya ba tare da an huta ba, tun malamai suna tune da fuskarsa.

Malamin sakandare mai digirin wani fanni da ke son sauya layi: ya rubuta wa sassan Zariya, Kano da Ibadan ya ji wanne zai ɗauke shi kai tsaye, domin tsallake PGD ribar shekara guda ce.

Mai aikin adana bayanai a asibiti, kotu, banki ko ma'aikata, wanda ba ya neman zama malamin jami'a: MIM daga gida ya ishe shi.

Mai sha'awar tsofaffin takardun Gwandu da na gidajen malamai: Zariya, kuma ya ƙarfafa Larabcinsa da karatun ajami kafin ya tafi.

Ko wanne aka zaɓa, kafin a biya kuɗin fom a ɗauki tsarin ƙarin girma na wurin aiki a karanta layin da ya shafi matakinka na gaba, a rubuta wa shugaban ma'aikata takardar neman izini mai ɗauke da cikakken sunan digirin da sunan jami'ar, a kuma ajiye kwafin amincewar mai hatimi. Karatun da aka yi ba da izini a rubuce ba, kwamitin ƙarin girma yana da ikon ƙin duba shi.